IBNU SINA, LIKITAN DA YA BI SAWUN MAGANA DAGA HUHU ZUWA LEƁE

 A filinmu na yau za mu kawo muku tarihin wani mashahurin likita wanda ya bar duniya yau kusan shekara dubu ke nan, amma har yanzu yana da abin da zai amfani matar da ke goyon jariri a Gyaɗi-Gyaɗi, ko wadda ɗanta ke fama da in'ina a Tarauni. Sunansa na yanka Husaini, sunan mahaifinsa Abdullahi, alkunyarsa Abu Ali, amma duniya ta fi saninsa da Ibnu Sina.

Yawancin waɗanda suka taɓa jin sunansa sun san shi ne da babban littafinsa na ilmin likita. Kaɗan ne suka san cewa ya zauna ya bi diddigin yadda magana ke fitowa daga jikin ɗan Adam, tun daga iskar da ke tasowa daga huhu har zuwa inda leɓe ke sakin ta. Abin da ya gano shi ne kowace gaɓa da ke cikin baki da wuya tana da aikinta, ba wadda aka ajiye don ado. Saboda haka in maganar yaro ta sami tangarɗa, akwai dalili, kuma dalilin ake nema kafin a nemi aska ko bulala.

ƘURUCIYARSA

An haifi Ibnu Sina wajen shekarar 980 a wani ƙauye mai suna Afshana, kusa da birnin Buhara, garin Imamu Buhari, a ƙasar da yanzu ake kira Uzbekistan. Sunan mahaifiyarsa Sitara, 'yar wannan ƙauye ce. Mahaifinsa kuwa mutumin Balhu ne, ma'aikacin sarki, yana riƙe da wani gari a nan kusa. Bayan an haifi ƙanensa Mahmudu sai iyalin suka koma cikin birni, aka samo wa yaron malamin Alƙur'ani da malamin adabi. Yana da shekara 10 ya haddace Alƙur'ani.

To, uwargida, dubi irin ƙoƙarin da mahaifin nan ya yi. Da ya ji labarin wani mai sayar da kayan lambu wanda ya iya lissafin mutanen Indiya, watau irin alƙaluman da muke amfani da su yau, sai ya tura ɗansa wurinsa, bai ce ai ɗan kasuwa ne ba. Ya kai shi wurin Malam Isma'ila Zahidi ya karanta fiƙihu. Da wani malamin falsafa mai suna Natili ya zo gari, sai ya sauke shi a gidansa don ya koya wa yaron manɗiƙi da ilmin awo. Ba a daɗe ba ɗalibi ya wuce malami, har ya zama shi ke warware wa malamin wuraren da suka shige masa duhu.

Daga nan ya juya kan ilmin likita. Ya karanta littattafan da ya samu, ya kuma riƙa zuwa duba marasa lafiya, har yana da shekara 16 manyan likitoci suka fara ɗaukar karatu a wurinsa. Amma kada ku ɗauka kome ya zo masa da sauƙi, 'yammata. Akwai wani littafin falsafa na Arisɗo, malamin Yunanawa, wanda ya karanta sau 40 har ya haddace shi, amma bai gane inda ya nufa ba, har ya fid da rai. Ran nan yana kasuwar masu littattafai sai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi a kan dirhami 3. Ashe sharhin Farabi ne a kan wancan littafi. Yana karantawa sai kome ya buɗe masa. Kashegari ya yi sadaka mai yawa don godiya.

Ana nan sai Sarkin Buhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta ciwo, likitocin fada suka rasa kansa, aka kira wannan saurayi ya shiga cikin masu jinya. Da sarki ya sami sauƙi, ladan da Ibnu Sina ya roƙa shi ne a bar shi ya shiga ɗakunan ajiye littattafai na fada. Ya tarar kowane fanni da ɗakinsa, littattafai jibge cikin akwatuna. Kafin ya cika shekara 18 ya gama da su.

YAWO GARI-GARI

Zaman lafiyar bai daɗe ba. A shekarar 999 mayaƙan Turkawa suka ci Buhara, mulkin iyayen gidansa ya rushe, mahaifinsa kuma ya rasu lokacin yana da shekara 22. Tun daga nan Ibnu Sina ya shiga yawo, yau yana wannan fada gobe yana waccan. Ya zauna a Gurganji, ya wuce Jurjan, inda ya sadu da almajirinsa Abu Ubaidu Juzjani, wanda bai sake rabuwa da shi ba har mutuwa. Yawancin abin da muka sani na rayuwarsa, farkonsa shi ya yi wa Juzjani shifta, sauran kuwa Juzjani ya cika. A Jurjan ne ya fara rubuta littafinsa Alƙanun.

Daga can ya tafi Rayyu, kusa da Tehran ta yanzu. A wannan gari mace ce ke riƙe da ragamar mulki, ana kiranta Sayyida, ɗanta Majduddaula kuwa shi ne sarki a suna. Ibnu Sina ya yi wa ɗan nan nata maganin ciwon baƙin ciki da ya dame shi. Sa'an nan ya zarce Hamadan wajen shekarar 1015, ya yi wa Sarki Shamsuddaula maganin murɗar ciki, sarki ya naɗa shi waziri. Amma sarauta ba ta rasa 'yan hassada. Sojoji suka yi masa bore, suka washe gidansa, suka nemi a kashe shi, ya ɓuya kwana 40. Da ciwon sarki ya tashi sai aka nemo shi, aka ba shi haƙuri, aka mai da shi kan muƙaminsa. Da rana yana aikin fada, da dare almajirai su taru a gidansa a yi karatu.

Bayan rasuwar wannan sarki a 1021 al'amura suka sake dagulewa. Ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, inda yake rubuta warƙa 50 a yini, ba littafi ko ɗaya a gabansa. Aka gano shi, aka tsare shi wata 4 a wata ganuwa mai suna Fardajan, a can ma bai ajiye alƙalami ba. Daga bisani ya sulale daga Hamadan, shi da ƙanensa da Juzjani da barori biyu, sun yi shigar sufaye, suka isa Isfahan wajen 1024. Sarkin garin, Ala'uddaula, ya karɓe shi hannu biyu, ya kuma sa kowane daren Juma'a malamai su taru a fada a yi muƙabala.

GORIN DA YA JAWO LITTAFI

A irin wannan zama ne aka yi abin da ya kawo mu kan maganarmu ta yau. Wata rana aka tayar da wata mas'ala ta luggar Larabci, Ibnu Sina ya sa baki. Sai wani malamin lugga mai suna Abu Mansur Jabban ya goranta masa a gaban sarki, ya nuna masa cewa shi dai likita ne masanin falsafa, amma bai karanta lugga yadda za a saurari maganarsa a kanta ba.

Uwargida, in wani ne da sai ya yi fushi ya nemi ramuwa da ƙarfin fada. Shi kuwa sai ya koma makaranta. Shekara 3 ya yi yana karatun lugga, har ya aika Hurasan aka kawo masa babban ƙamus na Azhari. Da ya ga ya ƙoshi, sai ya tsara waƙoƙi 3 cike da kalmomi masu wuya, da wasiƙu 3 bisa salon manyan marubuta, ya sa aka ɗinke su aka tsufar da bangon. Ya roƙi sarki ya miƙa wa Abu Mansur a kan cewa an tsince su ne a daji wurin farauta. Malamin lugga ya duba ya yi ta cin tuntuɓe, Ibnu Sina yana gaya masa ma'anar kowace kalma da littafin da take ciki. Abu Mansur ya gane inda aka dosa, ya nemi gafara. Abin sha'awa shi ne gorin bai zama gaba ba. Shi wannan Abu Mansur ne ya roƙi Ibnu Sina ya rubuta bayani a kan yadda haruffa ke samuwa, shi kuwa ya rubuta wani ɗan littafi mai babi 6 mai suna Asbabu Hudusil Huruf, watau dalilan aukuwar haruffa.

Ba shi ne farkon wanda ya yi magana a kan mafitar haruffa ba. Halilu ɗan Ahmad da almajirinsa Sibawaihi sun riga shi da fiye da shekara 200, kuma daga hanyarsu ne ilmin tajwidi ya ɗauko, har ya kai ga mafita 17 da Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, ya tsara, waɗanda 'ya'yanmu ke haddacewa a makarantun Islamiyya. Su malaman lugga da kunne suka yi aiki. Shi kuwa Ibnu Sina ya zo da idon likita, wanda ya san tsoka da guringuntsi da jijiya.

YADDA MAGANA KE FITA

Ya fara da tambayar mene ne sauti. Ya bayyana cewa iska ce ake turawa da ƙarfi da sauri, ta riƙa tafiya kamar igiyar ruwa har ta isa kunne. Abu biyu ke jawo haka: ko a haɗa abu biyu da ƙarfi, kamar taɓarya da turmi, ko a raba su da ƙarfi, kamar yage ƙyalle. Sa'an nan ya kasa haruffa gida biyu. Akwai waɗanda ake tsare iska gaba ɗaya sa'an nan a sake ta farat ɗaya, kamar b da t da k. Akwai waɗanda ake matse hanyar iska kawai, tana ta zurara, kamar s da z da sh. Gwada ki gani: kina iya jan s har numfashinki ya ƙare, amma ba ki iya jan t.

A babi na uku ya shiga cikin wuya. Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanki. Wannan tudu da kika taɓa guringuntsi ne, wanda ya kamanta da garkuwa. Ya lissafa guringuntsi 3 a maƙwallato, da tsokokin da ke buɗe su da rufe su, ya kuma lissafa tsokoki 8 masu juya harshe. A cikin Alƙanun ya ambaci wani abu a cikin maƙwallato mai kama da ɗan karan da ake sa wa a bakin algaita. Yau an san guringuntsin maƙwallato 9 ne, kuma wannan abu tantani ne guda biyu masu karkarwa in iska ta bi ta tsakaninsu. Ba a iya ganin su suna aiki a jikin mai rai ba sai a 1854, da wani malamin waƙa mai suna Manuel Garcia ya leƙa nasa da ɗan madubi. Na namiji babba kan kaɗa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen sau 200, na yaro ya fi haka, shi ya sa muryoyinmu suka bambanta. Bar yatsanki a wurin, ki ja s, sa'an nan ki ja z. A kan z za ki ji wuyanki na kaɗawa, a kan s kuwa shiru.

Amma sautin da ke fitowa daga maƙwallato ɗanye ne, sai ya bi ta maƙoshi da kogon baki da kogon hanci yake samun amo, kamar yadda tsirkiyar garaya ba ta da daɗi sai da ƙoƙonta. Sa harshenki bayan haƙoranki na sama, wannan tudun shi ne hanƙa, inda ake yin t da d da n. Ja shi baya kaɗan, rufin nan mai tauri shi ne ganɗa. Can baya inda ya yi taushi ita ce hanɗa, inda ake yin k da g, kuma a ƙarshenta beli yake reto. Hanɗa ƙofa ce. In za ki ce b sai ta ɗaga ta rufe hanyar hanci, in za ki ce m sai ta sauka iska ta bi ta hanci. Toshe hancinki ki ce baba, zai fita daidai. Ce mama, za ki ji ya shaƙe. Wannan amon hanci shi ne gunnar da malaman tajwidi ke koyarwa.

A babi na biyar ya kawo haruffan da babu su a Larabci, irin su c da p na mutanen Farisa. Da ya ji Hausa da ya sami abin ƙarawa, domin muna da ɓ da ɗ da ƙ da ts, waɗanda maƙwallato ke yin wani aiki na musamman wajen fitar da su, ga kuma r iri biyu. A babi na ƙarshe ya nuna cewa ana jin kamannin haruffa a cikin ƙarar abubuwa: f a kaɗawar ganyen itace, r a mirginawar ƙwallo kan allo, t a bugun tafin hannu da yatsa.

BELI DA LINZAMI DA IN'INA

To, uwargida, ga inda maganar ta shafe ki kai tsaye. A nan ƙasar Hausa an saba kiran wanzami cikin makon farko na haihuwa ya cire wa jariri beli, a kan cewa shi ke kawo amai da tari da ƙin kama nono. Ibnu Sina ya keɓe wa beli bayani a cikin Alƙanun. Ya ce yana taimakawa wajen daidaita iskar da ke shiga, yana tare ƙura da hayaƙi, yana ƙara wa murya ƙarfi, saboda haka yanke shi na cutar da murya. Bai yarda a yanke shi ba sai in ya yi ciwo magani ya kāsa, kuma ya yi fasali guda a kan illolin yankan, har da zubar jinin da ke da wuyar tsayawa. Likitocin yau ba su karɓi dukan dalilansa ba, amma sun ƙara wasu da bai sani ba. Jariri ɗan kwana uku ba shi da jinin da zai yi asara. Ƙarfen da ba a dafa ba na iya sa masa ciwon sarƙe-haƙora ko ciwon hanta. In kuma yankan ya zarce ya taɓa hanɗa, ƙofar nan ba za ta ƙara rufuwa daidai ba, sai yaro ya tashi yana magana ta hanci, wani lokaci har ruwa ya riƙa fito masa ta nan. Ban da haka, beli mai kai biyu kan zama alamar tsaga da ke ɓoye a cikin ganɗa, in an cire shi an ɓatar wa likita da shaida.

Haka nan ya yi bayanin linzami, watau zaren naman da ke ƙarƙashin harshe in ya yi gajarta ya riƙe shi. Ya ce kaɗan ake yanka, ya kuma yi kashedi a kan ɓarkewar jini, har ya kawo dabarar ɗaure wurin da zare ga wanda ke tsoron ƙarfe. A yau an san yawancin yaran da ke jinkirin magana ba linzami ne ya hana su ba, kuma in ma shi ne, aikin asibiti ne.

Ya rarrabe dalilan lalacewar magana: wani daga ƙwaƙwalwa, wani daga jijiyar da ke zuwa harshe, wani daga tsokar harshen kanta, wani daga maƙwallato. Sai a 1861 ne wani likitan Faransa mai suna Broca ya nuna wurin da ke kula da furta magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai shanyewar ɓarin jiki na dama sau da yawa maganarsa kan ɗauke. In kika ga bakin maigida ko na tsohuwa ya karkace farat ɗaya, magana ta sarƙe, to, a nufi asibiti a wannan sa'a, kada a jira gobe.

Game da wanda kalmar farko ke maƙale masa, in ta fita sauran su biyo, shawarar Ibnu Sina ita ce kada ya cika ƙirji da iska ya yunƙura, ya dai fara a hankali cikin sauƙi har ya saba. Masu gyaran magana na zamani suna koyar da kusan wannan dabara. Inda ilmin zamaninsa ya gaza shi ne ɗora laifin nauyin baki a kan yawan danshi a harshe. Yanzu an san in'ina tana da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara magana, tana bin jini, kuma ta fi kama maza. Takan fara tsakanin shekara 2 da 5. Wajen yara 5 cikin 100 kan yi ta, yawancinsu su bari, wajen mutum 1 cikin 100 ne ke girma da ita. Duka ba ya maganinta, tsawa da kwaikwayo kuwa ƙara ta suke yi. Ki saurari yaron har ya gama, kada ki ƙarasa masa, ki kuma hana 'yan'uwansa yi masa dariya.

A babin renon jarirai ya ce abu biyu na da amfani gare su: jijjigawa a hankali, da waƙar reno. Ashe tun can iyayenmu na kan hanya. Yaro da kunne yake koyon magana, abin da bai ji ba ba ya iya faɗa.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ibnu Sina ya kammala Alƙanun, mai juzu'i 5, wajen shekarar 1025. Ya fara wani babban littafin lugga, amma bai kai ga gyara shi ba. Da sojojin Gazna suka auka wa Isfahan, an washe kayansa, wani babban littafinsa mai suna Al'insaf ya salwanta. Daga baya murɗar cikin da ya sha yi wa sarakuna magani ta kama shi. Ya matsa wa kansa da magani har hanjinsa ya yi rauni, amma bai bar bin sarki tafiye-tafiye ba. A hanyar Hamadan jiki ya ƙi. Da ya ga haka sai ya bar shan magani, ya raba dukiyarsa ga matalauta, ya 'yanta bayinsa, ya duƙufa kan karatun Alƙur'ani. Ya rasu a Hamadan cikin watan azumi na shekarar 428 ta Hijira, watau 1037, yana da shekara wajen 57. Kabarinsa na can har yau.

Malamai irin su Imamu Gazali sun yi masa raddi mai zafi a kan wasu ra'ayoyinsa na falsafa, amma littafinsa na likita ya ci gaba da yawo. An fassara shi da Latin a birnin Toledo na Andalus cikin ƙarni na 12, aka yi ta karantar da shi a jami'o'in Turai har wajen 1650. Ɗan littafinsa na haruffa kuwa an fassara shi da Turanci a 1963, an kuma buga shi da kyakkyawan gyara a Dimashƙa a 1983.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Abin da Ibnu Sina ya yi ta nema da ƙyar, uwargida, ke yana bakin ƙofarki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da sashen haƙori da muƙamuƙi. Ki lura da ɗanki. In ƙara ba ta firgita shi, ko ya shekara bai fara gwalantu ba, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, a auna jinsa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne mai ruwa. Tsamin baki ga ɗan shekara 3 ba abin damuwa ba ne, amma in ya isa shiga makaranta baƙo ba ya gane maganarsa, a duba shi. Muryar da ta dishe fiye da mako 3 ita ma a kai ta ga likita.

Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa kada a ɓoye shi a ɗaki. Wajen 1 cikin haihuwa 700 a duniya haka suke zuwa, ba laifin uwa ba ne. Ana ɗinke leɓe tun yana ɗan wata 3 zuwa 6, ganɗa kuwa wajen shekara guda, kafin magana ta kafu, kuma ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama na Nijeriya. Wanda kuma aka tabbatar kurma ne, harshensa lafiya lau, hankalinsa lafiya lau. Ga makarantar Tudun Maliki nan cikin Kano tun 1977, ga kuma maganar hannu, wadda harshe ce cikakkiya.

Ku kuma 'yammata, ku tuna da mutumin da aka yi wa gori a gaban sarki ya amsa da karatun shekara 3. Masu gyaran magana da masu auna ji sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, kuma aiki ne da ke son haƙuri da iya zama da yara. Ko cikinku akwai wadda za ta ɗauka?